Shuwakar Kangon Fagam

Shekarar da maharan Ningi suka ƙone rabin Fagam, Zahara'u ta bi mijinta zuwa Wurno da tabarma da tukunyar miya. Gidan da iyayenta suka bar mata ya zama kango. Abin da wuta ba ta ci ba shi ne shuwakar da marigayiya innarta ta dasa a bakin makwararar wanka.

Kafin su tashi, mai gari ya tara masu ƙaura ya ce duk kangon da dashen mai shi yake raye a ciki, ba zai ba kowa ba. Hankalin Zahara'u ya kwanta, don shuwaka ba ta da saurin mutuwa. Ka sare ta, ta tofo. Ka yanki reshe ka soka a ƙasa mai laima, ya kama. Irin da ke cikin farin furenta ma ba a wahala da shi, iska ake bar wa. Ruwa kawai take so da rani, ko da na wanke-wanke ne.

Ta bar amanar a hannun Hapsatu, maƙwabciyarta kuma aminiyarta tun suna 'yan mata. Hapsatu har da hawaye. "Je ki, aminiya," ta ce. "In ta bushe, ni na bushe."

To, baki dai ba a kama shi da igiya. Shekaru ba su yi nisa ba sai wani falke ya kawo saƙo daga Fagam, wai gara ta cinye shuwakar. Zahara'u ta ɗaura zane ta kama hanya.

Ta tarar da sabuwar katanga a kangon. Buba, ɗan Hapsatu, yana kwaɓa ƙasar ɗakin da zai sa amarya, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Inda shuwakar take babu kututture, babu saiwa, sai rami da aka cike da toka. Zahara'u ta daɗe tana kallon ramin. Ta san gara, takan bar ɓawo da 'yar ƙasarta. Ba ta taɓa jin garar da ke riƙe fartanya ba.

Ta shiga gidan Hapsatu. Bayan ɗaki sai ga shuwaka jere, kore shar, mai jan kara irin ta innarta, wadda babu irinta a unguwar. Ashe sai da aka yanki rassa aka dasa, aka ga sun kama, sannan aka tone uwar. Wannan ya fi katangar yi mata ciwo. Wato a natse aka yi abin, ana ban-ruwa safe da yamma.

"Sannu da hanya, aminiya," in ji Hapsatu. "Kin ga ikon Allah. Mai gari da kansa ya zo ya duba, kafin ya ba Buba kangon."

"Na gani," in ji Zahara'u. "Waccan ta bayan ɗakinki fa?"

"Tsuntsaye ne suka kawo iri."

Zahara'u ba ta ƙaryata ta ba. Gidan ya tafi, ta sani, katanga ba ta rushewa don kuka. Ta ce, "To ɗan sam min, in kai Wurno. Hannun Inna ne."

Hapsatu ta leƙa ta kan zana wajen kangon, inda makwararar take da laima har yanzu, sannan ta ɗauki faifai ta zaga bayan ɗaki. Ta daɗe a can. Da ta dawo ta juye wa Zahara'u a gefen zane ta ƙulle mata, tana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Sai da Zahara'u ta fita ƙofar gari ta kwance ƙullin. Ganye ne zalla, an tsinke shi ɗaya bayan ɗaya. Ta tona har ƙasa, babu reshe ko guntu.