Kwana Ɗaya da Likita Ya Ce

A Cadawa, bayan kasuwa, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum uku ne a cikinsa: Lantana mai ƙuli-ƙuli, da surukarta Iya Saliha, da autarta Hamdiya, 'yar shekara goma. Maigidan, Ishaku, yana ci-rani a Agadas. Hatsi bai yanke masu ba, ba su kuma rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne lafiyar Lantana.

Shekara uku ke nan ƙasusuwanta na ciwo, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, har ta daina iya murza tunkuza. Likitoci sun ce a bayan maƙogwaron kowane mutum akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ɗaya daga cikin nata ce ke aiki fiye da kima, tana tsotse ƙarfin ƙashi tana zubawa cikin jini. Bara an yi mata aiki a wuya, aka duba, ba a ga ƙwayar ba. Aka ɗinke, ciwo yana nan.

Bana aka ce ba za a sake yanka ba sai an san inda ta ɓuya. Aka tura Lantana Yamai. Can aka yi mata allurar wani ruwa mai taruwa a cikin ƙwayar da ta lalace, ta kwanta ƙarƙashin na'ura ba motsi, aka ɗauki hoto. Hoton ya nuna ɗigo ɗaya can ƙasa, kusa da ƙashin ƙirji. Aka sa ranar aiki, sati uku masu zuwa.

Ranar da ta dawo, Hamdiya ta rugo daga zaure tana "Oyoyo Inna!" Lantana ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, kar ki taɓa ni. Likita ya ce allurar da aka yi mani tana cutar da yara."

Tun daga ranar aka mai da shimfiɗar Hamdiya ɗakin Iya Saliha. A da kwano ɗaya suke ci da uwarta. Yanzu Iya ke zuba mata nata daban. Lantana takan zauna a gindin bango, daga nesa tana faɗa mata abubuwa: yadda ake hura wuta in itace ya jiƙe, yawan kanwar da ake sa wa miya, inda takardar haihuwarta take.

"Gobe ke za ki yi da kanki," haka take rufe kowace magana.

Hamdiya ba ta musu. In ta taso daga lakol, wato makarantar boko, sai ta gaishe ta daga bakin rumbu, ta wuce. Gidan ya yi shiru, ko masu sayen ƙuli sun daina leƙowa.

A kwana na takwas Hamdiya ta buɗe kwallar da uwarta ke ajiye takardun asibiti, ta zare wadda aka ba ta a Yamai, ta kai wa malamarsu, Madam Nasira. Madam ta karanta a hankali, tana bi da yatsa.

"An rubuta ta nisanci ƙananan yara na awa ashirin da huɗu. Kwana ɗaya ke nan, Hamdiya. Ta kwana a Yamai bayan hoton?"

"Ta kwana."

"To ai kafin motarsu ta iso Maraɗi wa'adin ya cika."

Da rana tsaka Hamdiya ta shigo gida da takardar a hannu. Lantana na zaune a kan tabarma, Iya Saliha na tsince wake a ƙofar ɗakinta.

"Inna, Madam ta ce kwana ɗaya ne kawai."

Lantana ta dubi takardar, ta dubi ƙasa. "Na sani."

"Ahaf!" in ji Iya. "Na faɗa maki 'yar lakol ce, sai ta tono. Ke Lantana, yaye sau ɗaya ake yi. Wannan ƙatuwar kika kawo mani in yaye? Ko gadona ba ya ɗaukar mu, duk ta harbe mani ƙugu."

"Iya, bara da aka kai ni asibiti, ke kika ce kwana uku yarinyar nan ba ta sa komai a baki ba." Muryar Lantana ta yi ƙasa. "Wuyan da aka taɓa yanka ba kamar sabo ba ne, likitan da kansa ya faɗa. In har ban dawo ba, gara ta saba da ke tun idona na gani."

Iya ta ci gaba da tsintar wakenta. Hamdiya ta ajiye jakarta, ta tako har kan tabarmar, ta zauna, ta jingina kanta a kafaɗar uwarta. Lantana ta ɗan ja jiki, sannan ta bari. Jikin uwar duk ya rame.

A ranar Hamdiya ta gane cewa allurar ta daɗe da fita daga jikin uwarta. Tsoron mutuwa ne bai fita ba, kuma ita kaɗai take ta fama da shi tun dawowarta.