Bokanyar Danau Kota

Hureira ta sanya wa na'urar gano hayaƙi ta falonsu da ke unguwar Danau Kota safar mijinta, ta rufe tagogi, sannan ta zuba turaren wuta a kasko har da ƙari. Gobe bizar zamanta a Malesiya za ta ƙare. Sau tara tana gaya wa Sharfaddeen ya kai fasfonta ofishin jami'a, domin sa hannunsa ake buƙata, sau tara yana cewa anjima.

Ba mugunta ba ce. Shekara uku ke nan bawan Allah yana fama da kundin digirinsa a kan bokanyar Delfi ta tsohuwar Girka: shin tururin da ke fitowa daga tsagar dutsen da ke ƙarƙashin kujerarta ne ke bugar da ita ta yi ta zuba zance, ko kuwa azumi da taunar ganye? Hureira ta ji tambayar nan har ta haddace. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, matar da ta rasu shekara dubu biyu da suka wuce ta fi ta samun kunnen maigida.

Ta yi istigfari sau uku, ta tura kaskon ƙarƙashin kujera ta hau, ta cusa ganyen bay na dafa-duka a baki, ta juya idanu.

Tari ne ya fito da shi daga ɗaki. Mutumin da ya rubuta babi guda yana cewa duk aikin sinadari ne, sai ga shi yana karanto Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, hannunsa kuma na lalubar biro. Ya tambaye ta ko azumi take yi.

"Fasfo yana cikin shuɗiyar jaka," ta ce da wata murya mai kauri. "In la'asar ta yi bai isa ofis ba, gidan nan zai rasa mai tuƙa tuwo."

Ko igiyar takalmi bai ɗaura ba. Ta taga ta hango shi yana tsallaka titi a guje.

Ya dawo da takardar shaida da ƙullin shinkafar nasi lemak, ya tarar ta buɗe tagogi tana yankan albasa. Ya zauna, ya buɗe littafi.

"Don Allah, be honest lah, gaya mini gaskiya. Hayaƙin ne ko ganyen?"

Ba ta ɗago ba. "Ita waccan ta Girka, Abban Afnan, kafin ta hau kujerar, akwai mai sauraronta?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka kunya ce ta kama shi, har ta fara jin tausayinsa. Sai ta ji biro na gudu a kan takarda. Ya fara sabon babi.