Kakin Kwamanda Rennie

"Ku kashe min fitilar nan," in ji Kwamanda Lachlan Rennie, "ta fi ciwon damuna."

Ina tsaye bakin ƙofa da tukunyar romon sha'ir, 'yan talabijin sun cika masa falo da wayoyi. Kwamanda maƙwabcina ne tun ina da baƙin gashi. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin teku ya yi ta, yana jan jirgin nan mai ɗauke da makaman nukiliya da ke sansanin sojojin ruwa na bayan garinmu, a nan Scotland. Yanzu ciwon huhu ya cinye shi, sai ido da murya.

Na san abin da ya kawo 'yan talabijin ɗin. Jikata Ishbel ta tsaya takarar majalisa, tana cewa a kwashe makaman. To, garin da rabin mutanensa a sansanin suke cin abinci, in Kwamanda ya sa kakinsa ya ce yarinyar nan haɗari ce, ai tata ta ƙare.

Wani ɗan jarida a cikinsu har ya ɗauko kakin daga inda yake rataye. "Yallaɓai, kalma biyu kawai. Wani janar ma ya faɗi nasa kwanan nan. Ka ce mai irin ra'ayinta bai dace da mulki ba."

"Janar ɗin bai kyauta ba. Wanda aka damƙa wa makullin abin nan, in ya fara nuna wa mutane wanda za su zaɓa, ba shawara yake ba su ba, tsorata su yake yi."

"Ai ka yi ritaya, Yallaɓai."

"Ni na yi ritaya, rigar da ke hannunka ba ta yi ba. Mayar min da ita inda ka ganta."

Suka naɗe wayoyinsu suka fice. Ya dube ni.

"Effie, an dasa ki ne? Romon zai huce."

"Na ɗauka yanka Ishbel za ka yi."

"Zan yanka ta mana! Turo min ita nan."

Da yamma Ishbel ta zo, suka kafa gardama.

"Ke yarinya, abin da kike zagi shi ya sa kika girma ba ki taɓa jin ƙarar bam ba."

"Sa'a ce, Kawu Lachlan, ba dabara ba."

"Ƙuri'ata dai ba taki ba ce. Tuni na aika da ita ta gidan waya."

"Da ma ban sa ran ta ba, tsoho mai taurin kai."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ta riƙe masa kofin shayi ya kurɓa. Ni kuwa na so in ce na gode, na san zai ce in daina shirme, sai na ƙara masa romo.

Bai ga ranar zaɓe ba. Wata safiya ana yayyafi ya cika.

A wurinmu da igiyoyi ake saukar da akwati cikin kabari, kowace igiya a hannun wani na jiki. Kwamanda bai haihu ba. Mai shirya jana'iza ya yi ta kiran tsofaffin sojojin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mamacin ya bar wasiyya, sai muka ji ya ce, "Ishbel."

Ta cire bajen kamfen ɗinta daga ƙirji ta danƙa min a tafin hannu, ta shiga tsakanin tsofaffin nan ta kama igiyarta da hannu biyu, ruwa na ɗiga daga gashinta.