Waldar Sitiyari

Dogo ya ci amanar ubansa, kuma da gangan ya ci. Duk wanda ya ce maka kuskure ne, ko dai bai san abin da ya faru ba, ko kuwa halinsu ɗaya.

Uban nasa direba ne. Wata tsohuwar akori-kura yake ja, yana dakon bulo da siminti zuwa wuraren gini. Da ita ya ciyar da gidansa, da ita ya aurar da Dogon. Girma ya zo masa da tumbi, ga ƙugun dama da ya sage tun wata faɗuwa da ya yi daga kan lodi. Abin da ya rufa masa asiri shi ne sitiyarin motar irin mai lanƙwasawa ne. Akwai ɗan hannu a gefen wuyansa. In zai shiga sai ya ja hannun, ya ɗaga sitiyarin sama, ya cusa ƙafar da ta sage, ya zauna, sannan ya sauko da shi daidai cikinsa. In ba haka ba, ba ya shiga.

Dogo ya daɗe yana son makullin. Ya yi ta cewa, “Baba, ka huta haka nan.” Tsohon kuwa amsarsa ɗaya ce: “Ran da na kasa shiga, ka karɓa.”

Sai wuyan sitiyarin ya fara wasa. Ana cikin tafiya ya faɗo ƙasa, in an shiga rami ya yi sama. Ranar da za a kai ta gyara ƙugun ya motsa wa tsohon, don haka ya miƙa wa Dogo makulli ya ce ya kai gareji.

Bakaniken ya kwance robar da ta rufe wuyan, ya haska ciki, ya girgiza sitiyarin.

“Haƙoran da ke riƙe shi ne suka cinye, ga ƙusoshin gefe sun yi lako-lako,” in ji shi. “Akwai gawar mota irinta a baya can. In ciro nata in sa, ya koma kamar sabo.”

“Bar wahalar da kanka, Oga. Sauke shi ƙasa, ka ɗirka masa walda.”

“Ƙasa? To tumbin Baba fa, a bayan mota za a riƙa ɗora shi?”

Dogo ya yi dariya. “Shi ya ce a yi hakan. Ni zan riƙa ja yanzu.”

Bakaniken ya ɗaga kafaɗa, ya jawo wayar walda. Ya danna sitiyarin har ƙarshen inda yake sauka, ya liƙe gaɓar ta kowane gefe, ya mayar da roba ya rufe. Ɗan hannun yana nan a wurinsa, sai dai ba ya riƙe da komai.

Washegari da safe Dogo bai kai motar gida ba. Ya kai ta wurin buga bulo, inda direbobi da masu lodi suke taruwa, ya aika a gaya wa uban ta gyaru. Tsohon ya zo yana ɗingishi, ya gaisa da mutane, ya buɗe ƙofa, ya ja hannun. Sitiyari bai motsa ba. Ya sake ja. Ya ɗauka tauri ne na sabon gyara, sai ya gwada shiga a haka. Ya tura kai da kafaɗa, tumbin ya tokare. Ya fito, ya gwada fara sa ƙafa, gwiwar ta ƙi wucewa. Ya juya ya gwada da baya, hularsa ta faɗi cikin kwata.

“Baba, ko a shafa maka baƙin mai ne?” in ji wani mai lodi. Aka kwashe da dariya.

“A cire ƙofa mana!” in ji wani.

Dogo yana jingine da bodin motar, ya harɗe hannu. “Na gaya maka jikin nan ya yi nauyi, Baba. Mota ba ta ƙarya.”

Tsohon bai kula su ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya zura yatsu ƙarƙashin robar, ya shafo kaushin walda. Ya daɗe a sunkuye kafin ya ɗago.

“Wa ya sa a yi wannan?”

“Bakanike ya ce babu kayanta a kasuwa. Walda ce kaɗai mafita.”

“To. Ai a sama ma walda tana kamawa.”

Dogo ya kau da kai. Kowa a wurin ya gane. Tsohon yana iya komawa gareji ya sa a fasa waldar, aikin yini ɗaya ne. Bai yi ba. Mutumin da ɗan cikinsa ya tara masa jama'a don su ga ya kasa, gyaran ƙarfe ba ya yi masa maganin komai. Ya ajiye makullin a kan kujera, ya tafi gida a ƙasa, kansa ba hula.

Daga ranar ya zama mai zaman ƙofar gida. Ya daina zuwa wurin bulo, ya daina tambayar mota. In Dogo ya gaishe shi, sai ya amsa da kai.

Dogo kuwa ya samu abin da yake so. Siriri ne, cinyoyinsa suna shiga ƙarƙashin sitiyarin cif-cif, ya riƙa lodi fiye da ƙima yana gudu. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, ya sha kwana da bulo har saman bodi, tayar baya ta zame, motar ta afka cikin kwalbati da hanci. Lodin ya taho gaba, ya turo kujera, sitiyarin ya danne masa cinyoyi.

Mutane suka taru. Ƙofa ta buɗe, kansa da ƙirjinsa lafiya, yana ta ihu. Wani direba da ya san irin motar ya ce, “Ku ja hannun nan, sitiyarin yana ɗagawa!” Suka ja, suka sake ja, har hannun ya karye. Sai da aka je gari aka ɗauko bakaniken da injin yankan ƙarfe, aka nemo janareta, sannan aka fitar da shi. Kafin nan ƙafar dama ta yi baƙi.

An yanke ta daga saman gwiwa. Uban bai je dubiya ba.