Kambun Sarkin Baka

Sau uku ke nan Attahiru, akawun gidan waya na Tambuwal, yana karanta wasiƙar, amma tsohon ya ƙi matsawa daga bakin taga. Maccido ne, sarkin bakan Kebbe. Motar 'yan kasuwa ya biyo da ya ji an ce takarda ta zo daga ɗansa Ɗan'iya, wanda ya shiga sojan ruwa shekarar da aka sami mulkin kai. Yanzu an tura yaron Ingila koyon aiki a wani jirgin yaƙi na Turawa.

"Malam, koma mini wurin makamin nan," in ji Maccido.

Attahiru ya gyara tabarau ya karanta. "Baba, akwai wani makami a jirginmu, tsawonsa ya yi rabin giginya. Mai linzami ake ce masa, don bayan an harba ana iya juya shi a sama. In abin da aka nufa ya kauce, sai ya bi shi. Abokan gaba ma suna da irinsa."

 Shekara hamsin Maccido yana harbi, bai taɓa jin kibiyar da take canza shawara a hanya ba. Kuma wannan yaro, maimakon ya tambayi gero da lafiyar uwarsa, ya zauna yana yabon abin da zai iya kashe shi. Shi kaɗai ne namijin da ya rage masa, sauran ukun ƙyanda ta kwashe.

Ya naɗe hannun riga, ya shiga kwance wani kambu daga damtsensa. Fatar kambun ta yi baƙi don tsufa. Kau-da-bara ne, laya mai sa harbi ya kauce wa mutum, tun daga kakan kakansa ake gadonsa. Ya faɗa wa akawun sharaɗinsa guda: jikin ɗan gidan kaɗai yake zama, ran da ya koma kan baƙo ya bar gidan ke nan har abada.

"Ka aika mishi. Shi ɗaura ga damtse na dama, kar shi cire ko wurin wanka."

Attahiru mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya ajiye magana. "Baba, ban raina kayanka ba. Amma in makamin ya kauce ma Ɗan'iya ya faɗa gefe, ai cikin jirgin dai ya faɗa."

"Sai su yi iyo zuwa gaɓa. Ya iya ruwa, ni na koya mishi a gulbi."

"Babu gaɓa, Baba. Kwana bakwai suna tafiya ba su ga ƙasa ba, ga shi ya rubuta."

"Su nawa ne ciki?"

"Ɗari fuɗu da 'yan kai."

Maccido ya zauna a kan dakali. Shi duk zatonsa babban kwalekwale ne, irin wanda ake ƙetarar da jakuna da damina. Ashe gari guda aka ɗora bisa ruwa. Ya daɗe yana juya kambun a hannu, ransa a ɓace, don ya ga gaskiyar akawun kuma bai so ya gan ta ba. Masu sayen kan sarki suka zo suka tafi, har aka kira azahar.

Da ya dawo daga masallaci sai ya tsaya bakin taga ya ce, "Rubuta. Ka ce kar shi ɗaura ga jikinai. Shi nemi goshin jirgin, inda hannu bai kai, shi ɗaure shi tamau."

Attahiru ya ɗaga alƙalami. "Ba ka ce in ya bar jikin ɗan gida ya tafi ke nan ba?"

"Na faɗi. Rubuta."

Ya rubuta. Yana cikin naɗe ƙunshin ne idonsa ya sake kaiwa ƙasan wasiƙar, ga wani layi da ya yi ta tsallakewa saboda bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya so ya yi shiru, bakin ya ƙi.

"Baba, akwai matsala. Ya ce ƙarshen watan gobe za a sauke su a maido su Ikko. Ƙunshin nan kuwa sai ya yi sati biyar a hanya. In ya isa, bai fi kwana goma yaron zai ƙara a jirgin ba. Ka bari ya dawo ka ba shi da hannunka."

Maccido ya dubi damtsensa, inda fatar ta yi fari a gurbin kambun. Ya sauke hannun riga a hankali.

"Kwana goma ma kwana ne. In ya sauka kuma, jirgin zai zauna wofi?"

"A'a, wasu za a ɗora."

"To shi bar shi nan ga jirgin. Ƙara wannan a ƙasa, ka liƙe."