Matar da Ke Tsakiyar Kaset

"Ba ita ba ce," in ji Direba. Ya ture wayar da bayan hannu, ya juya fuskarsa bango.

'Yarsa ta dube ni, idanunta sun yi ja. "Baba, wallahi ita ce. Sunan da ke jikin kaset ɗin na nema. Tun safe nake kunna masa, da an kai tsakiya sai ya ce ba ita ba ce. Ko zafin ciwo ne?"

Ni maƙwabcinsa ne, bango ɗaya ya raba gadona da nasa. Sarkin Tarkace yake kirana, saboda ina tara abin da mutane suka yar: makullin da ya rasa kwaɗonsa, kwalba mai karkataccen wuya, agogo mai hannu ɗaya. Shi kuwa bas ya tuƙa har idonsa ya gaza. Da muna da ƙarfi tare muke zuwa silima, mu dawo mu zauna gaban talabijin ɗinsa marar kala, muna jiran wani ɗan barkwanci mai guntun wando wanda kullum kujera ke karyewa da shi. Mun san za ta karye, amma sai mun yi dariya har da hawaye. Gidan silimar ya koma sito, talabijin ya mutu, abokan hira suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kaset ɗaya ya rage masa.

Kullum da yamma, in rana ta sauko kan tagarsa, sai ya kunna. Waƙa ce ta zamanin samartakarmu, jita da ƙaho da wani mutum mai murya kamar ya sha zuma, cikin yaren da ba wanda ya iya a cikinmu. Direba ya ce mutumin budurwarsa yake jira a tasha. Na ce ƙarya ne, akuyarsa ce ta ɓata.

Abin da ya ɗaure mini kai tun tarewata shi ne, a tsakiyar waƙar, bayan ƙahon ya ja dogon numfashi, sai a ji ƙas, kiɗa ya ɗauke, wata mace ta yi magana da Hausa tsantsa. Sannan ƙas, kiɗa ya dawo. Na daɗe ina ɗauka haka mawaƙan suka tsara, har ina ba da labari a wurin aski cewa akwai Bahaushiya a ƙungiyar. Ranar da na faɗa wa Direba, dariya ta kusa shiƙe shi.

"Kai dai kanka babu mai! Matata ce. Ta zo kashe rediyo, ta danna jan maɓalli, ta ɗauki muryarta a kai."

Ban taɓa ganin matar ba. Ta rasu kafin in zo gidan, 'yar ko yaye ba a yi mata ba, goggonta ta tafi da ita wani gari ta raine ta. Muryar kawai na sani, ta cikin bango.

To, kwana ɗaya kafin 'yar ta iso, rediyon ya cinye zaren kaset. Na wuni ina naɗe shi da biro, amma ya yamutse, ya kuma tsinke daidai inda aka fi maimaitawa. Likita kuwa ya riga ya ja 'yar zuwa bakin ƙofa ya yi mata maganar da ake yi a bakin ƙofa.

Na ce mata, "Zo waje, 'yata."

A tsakar gida, kusa da igiyar shanya, na ba ta labarin. Ta riƙe igiyar.

"Bai taɓa kunna mini ba."

"In kin zo, ba ya bukatar kaset."

"Me take cewa?"

Na faɗa mata. Ta rufe baki da gefen mayafi. "Ni ce yarinyar?"

"Ke ce. Kuma ke za ki faɗa. Ni in na yi, sai ya ce wani tsohon kwaɗo ya shiga masa waƙa."

Ta nuna mini inda ake dannawa a waya a tsayar da kiɗa. Yatsana ya bushe, sai da na lasa kafin gilashin ya san da ni. Na zauna a bakin gadon, ita ta tsaya a ƙofa ta bayan labule. Jita ta fara. Direba bai juyo ba. Ƙahon ya zo, ya ja numfashinsa, na danna. Da bakina na yi ƙas ɗin.

"Kai da wannan kukan naka," ta ce a hankali, kamar mai karatu. "Yanzu na samu yarinyar nan ta yi barci."

Direba ya motsa. "Da faɗa take yi," ya ce, murya can ƙasa. "Ba ta jin tsorona."

Muka koma farko. Ina tsoron kada in wuce wurin. Ƙaho, numfashi, ƙas.

"Kai da wannan kukan naka! Yanzu na samu yarinyar nan ta yi barci!" Labulen har ya girgiza. Sai ta tsaya, sauran ya maƙale mata. Na yi mata nuni da yatsa, ina danna iska. "Au," ta ce, dariya da kuka suka haɗe mata, "me na danna?"

Gashin jikina ya tashi. Na rantse bango ne kawai babu a tsakani.

Direba ya juyo, idonsa a rufe, bakinsa ya ɗan buɗe. Ya ba da amsar da na yi shekaru ina ji ta bango kowace yamma.

"Kin ɓata mini waƙa."

Na saki kiɗan, mutumin ya ci gaba da jiran budurwarsa. Da waƙar ta ƙare Direba ya lalubo hannuna.

"Sarkin Tarkace."

"Na'am."

"Na bar maka akuyar."

Washegari da hantsi ya cika, 'yarsa na riƙe da kofin da bai sha ba. Mutanen da suka zo ba su da yawa. Bayan kwanaki ta kwashe kayan ɗakin, ta tafi da kaset ɗin. Ni na roƙi guntun zaren da ya tsinke, bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta ba ni ba tare da ta tambayi dalili ba.

Ban sa shi cikin gwangwanin makullai ba. Na rataye shi a ƙusa, jikin bangon da ya raba mu. Sababbin masu haya sun shigo, ba sa kunna komai sai fanka. Da yamma nakan jingina a wurin, in rana ta sauko. Iska kan shigo ta taga, zaren ya ɗan ɗaga, ya yi walƙiya, ya koma ya kwanta.