Shafin da Malam Tanimu Ya Liƙe da Tuwo

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, direbobin Kontagora suka yi wata guda suna zagin juna a hanya, akwai wasu mutum shida da ke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a gindin darbejiyar wata makarantar firamare. Suna kiran kansu Ƙungiyar Masu Karatu, ko da yake rabinsu sauraro kawai suke yi. Littafin nasu guda ɗaya ne tak, na Turanci, mai kauri, a kan tarihin Afirka tun daga gab da zuwan Turawa har samun mulkin kai. Wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya bar musu shi.

Wanda layi ya zo kansa yakan tafi da littafin gida mako guda, ya nazarci babinsa, ran Asabar ya karanta yana juyawa da Hausa saboda irin su Ɗantani tela, wanda Turancinsa bai wuce na awon riga ba. Dokarsu ɗaya ce, ba a leƙa babin gaba, domin kada wani ya zo yana yi wa mutane burga. Don haka duk abin da mai karatu ya faɗa, shi ake ɗauka littafin ya faɗa. Babu mai ganin shafin sai shi.

Wannan makon layi ya zo kan Malam Tanimu, malamin aji shida. Ya karɓi littafin daga hannun Malam Irmiya, malamin lissafi, Bakambare daga wani ƙauye kusa da Nasko. Shekara tara ke nan suna koyarwa a makaranta ɗaya. Duk Asabar in an tashi, tare suke tura kekunansu har mararraba, su sayi rake guda su karya biyu, kowa ya kama hanyar gidansa. Ranar da matar Tanimu ta sha wuyar haihuwa, Irmiya ne ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa aka sa mata.

Ran Litinin Tanimu ya buɗe babinsa da fara'a, domin ya ga sunan garinsu a ciki. Fara'ar ba ta kai shafi uku ba. Marubucin ya ba da labarin yadda mahaya daga garin nan suke fita yaƙi kafin zuwan Turawa, su auka wa ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu, su ƙone rumbuna, su ɗaure mata da yara su kai kasuwa. Shafi biyu ne masu kallon juna, ba ƙari, ba sassauci.

Tanimu bai buƙaci littafi ya gaya masa wannan ba. Kakansa Dogo yana cikin mahayan. Ya tashi ya iske shi tsoho tukuf mai raba wa jikoki ƙuli-ƙuli, yana ba su labarin fita da alfahari, su kuma suna dariya. Har gobe akwai tsohon mari na ƙarfe, irin wanda ake ɗaure ƙafar bayi da shi, a zaurensu, da shi ake tokare ƙofa. Shi kuma Irmiya ya taɓa gaya masa cewa an sace yayar babansa, Fure, ta je ɗiban ruwa rafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba. A ranar Tanimu cewa ya yi Allah ya kyauta, ya ci gaba da shan rakensa. Bai taɓa ambata masa Dogo ba.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wani tsinken tsintsiya da ya tarar a tsakanin shafukan nan biyu. Wa ya sa shi? Ya gaya wa kansa cewa mai littafin na farko ne. Ya gaya wa kansa haka ran Talata, ya sake gaya wa kansa ran Laraba. Ran Alhamis a ɗakin malamai Irmiya yana fiƙe fensir da reza ya ɗago kai ya ce, "Malam, yaya babin namu?" Tanimu ya ce lafiya lau. Tsoro yake ji ƙwarai. Ba tsoron faɗa ba, domin Irmiya ba ya faɗa. Tsoronsa shi ne ya buɗe baki ya karanta, muryarsa ta tona shi, daga nan Irmiya ya riƙa gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Da farko ya yi niyyar tsallake shafukan kawai. Amma ya tuna Salome ungozoma, mai zama kusa da mai karatu, wadda idonta ba ya barin komai ya wuce. In ta ga ya juya takarda biyu a haɗe, sai ta yi magana. Ran Asabar da rana yana cin tuwon shinkafa, dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in hankalinsa ya riga ya tafi. Ya gutsuri tuwon kaɗan, ya shafa a gefen shafukan kamar yadda yake liƙe ambulan in zai aika wasiƙa, ya ɗora turmi a kai. Kafin la'asar sun kama juna tsaf. Malami guda, mai dukan yara a kan ɓata littafi.

A gindin darbejiya ya fara karatu. Ya ba da labarin fatake da hanyoyinsu, ya juya takardar nan mai kauri, ya faɗa kan zuwan sojojin Turawa. Salome ba ta lura ba. Sai Ɗantani, wanda ba ya barin zance ya wuce shi, ya ce, "Tsaya, Malam. Kai ka ce Turawa sun iske ƙauyuka kango. To wa ya mayar da su kangon?"

"Littafin bai yi bayani ba," in ji Tanimu.

Bai dubi Irmiya ba, amma ya ji lokacin da ya gyara zama a kan benci.

"Malam Tanimu, miƙo in gani," Irmiya ya ce a hankali.

Ya karɓa, ya murza takardar da yatsa biyu, ya kai hanci. Ɗantani ya fara dariya, da ya ga fuskokinsu sai ya haɗiye ta. Irmiya ya ce, "Jama'a, ni na fara karya doka. Da littafin yana hannuna na ga sunan garin nan a babin gaba, na kasa haƙuri. Sau uku na karanta wurin, ni na sa tsinke. Zan iya faɗa muku abin da ke ciki ba tare da na duba ba." Ya zaro rezarsa daga aljihu ya ɗora a kan littafin. "Amma mako guda ina jira in ji shi daga bakinka, Malam. Kai ka liƙe, kai za ka buɗe."

Tanimu ya bi gefen takardar da reza. Tuwon ya kama sosai, sai da ya ɗebo wasu kalmomi a gefe. Ya karanta duka, yana juyawa da Hausa, kuma da Hausar abin ya fi muni, domin babu kalmar da za a ɓuya a bayanta. Ya kai ƙarshen shafin. Nan ne wurin da zai iya rufe littafin ya ce kunyar garinsu ce ta sa shi, kowa kuma zai yarda. Ya san haka sarai.

"Akwai abin da ba ya cikin littafin," ya ce, ya juya ga Irmiya. "Kakana yana cikin mahayan nan. Sunansa Dogo. Ni na san shi, a cinyarsa na zauna. Tun ranar da ka ba ni labarin Fure ya kamata in gaya maka."

Irmiya ya ce, "Mu a gida ba mu taɓa sanin sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Masu doki kawai muke cewa." Ya mayar da rezar aljihu, ya yi wa mutane sallama, ya ja kekensa ya fita.

Tanimu ya miƙa wa Salome littafin, domin mako mai zuwa nata ne. Ya tura kekensa shi kaɗai. Shekara tara, ga shi ya gama da su da yamma ɗaya.

A mararraba ya hango Irmiya tsaye wajen mai rake. Bai sayi komai ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Babana yana goye a bayan uwarsa ranar da aka tafi da Fure," ya ce. "Yanzu ya tsufa, ba ya gani sosai. Har yau in ya tuna ta sai ya ce, ko su wane ne? Gobe bayan coci zan hau mota zuwa Nasko. Ba na so in kai masa sunan nan a aljihu kamar saƙo. Za ka zo ka faɗa masa da bakinka?"

Tanimu ya dubi abokinsa, ya ga ba zai sauƙaƙa masa ba, ya kuma ga bai tafi ya bar shi ba.

"Ƙarfe nawa motar take tashi?" ya tambaya.